Kakar Elube a Firjin Kifi

"Mama, yaushe za a fito da Kaka daga firjin kifi?"

A cikin bas Elube ta yi wannan tambayar, muna hanyar komawa Phalombe daga Zomba, da muryar nan tata da ba ta san raɗa ba. Bas ta yi tsit. Matar da ke gefenmu ta janye kwandon tumatirinta ta ɗora a cinya. Kwandasta ya waiwayo yana kallona kamar yau ya fara ganin mutum.

"Yi shiru," na ce mata.

"To ai ke kika ce tana ciki. Ba ta jin sanyi?"

Wani dattijo daga baya ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, in da abin da ya kamata hukuma ta sani, gara ki faɗa tun ba mu wuce ofishin 'yan sanda ba."

Dole ta sa na buɗe baki na yi bayani. Ban kai ƙarshe ba direba ya bugi sitiyari yana dariya. "Au, firjin Che Mdoka? Ai ni ma mahaifina yana ciki! Mayi Makwinja ce ta kai shi." Nan take bas ta kaure da hira, kowa da labarin da ya sani a kanta. Mai tumatir ma ta sauke kwandonta, har ta miƙa wa Elube guda.

Mayi Edina Makwinja (Mayi a wurinmu kamar a ce Uwa ne) ita ce mai kula da ɗakin adana tsofaffin takardu na jami'ar da ke gindin dutsen Zomba. A ƙarshen wannan shekara za ta ajiye aiki. Na san za a yi mata ɗan biki a harabar jami'a, a sha lemo, a ba ta zane, kowa ya watse. Wannan bai ishe ni ba. Shi ya sa na zauna, bayan na sallami Elube makaranta, in rubuta abin da na gani da idona da wanda mutanen da na yarda da su suka gani.

Gajeruwar mace ce mai furfura a goshi, kullum da rigar sanyi ko da rana tana dukan tsakar ka, saboda ɗakin aikinta ba ya shiri da zafi. Tana riga ɗalibai isa. In ta buɗe ƙofa ba ta kunna fitila tukuna. Sai ta tsaya ta shaƙi iskar ɗakin, domin ta ce danshi yana fara gaya wa hanci kafin ya gaya wa ido. Daga nan ta bi bango tana ɗora masa bayan hannunta, kamar yadda nake taɓa goshin Elube in na ji jikinta bai yi mini ba. Ta leƙa ƙarƙashin kantoci ko gara ta fara gini. Ta duba ko ɓera ya kawo ziyara. Sai ta wanke hannu da sabulu, ta goge shi tas, kana ta taɓa takarda ta farko. Ko wane ne kai, shayinka a bakin ƙofa yake tsayawa, bironka a aljihu. Fensir kawai ta yarda da shi.

Abin da take tsaro ba takardun manya ba ne kaɗai. Ita ta dage tun tana sabuwar ma'aikaciya cewa tarihin wannan yanki yana ƙarƙashin gadajen talakawa, cikin akwatunan ƙarfe da gwangwanayen biskit. Katin aikin masu tsinkar ganyen shayi a Mulanje. Takardar izinin mazan da suka tafi haƙar ma'adinai a ƙasashen Kudu, wasu suka dawo da tari, wasu ba su dawo ba. Katin baftisma, sakamakon jarrabawa, hoton aure, kaset ɗin tsofaffin mata suna waƙar daka. Ranar Asabar, da wasu ke wanki, ita tana cikin bas ko a bayan keken haya tana bin ƙauyuka. Ba ta ƙwace wa kowa komai. In ka yarda ta ajiye maka na asali ta ba ka kwafi. In ba ka yarda ba ta ɗauki kwafin, ta cire maka allurar da ta yi tsatsa a jikin takardarka, ta koya maka yadda za ka ajiye, ta sha ruwan gidanka ta tafi.

Matan ƙungiyar waƙa ta wata majami'a a Mulanje sun ba ni labari da bakinsu. Tsohuwar da ke ba su baiti ta rasu, ta tafi da waƙoƙin yaren Lomwe da babu wanda ya haddace su duka. Suna zaman makoki wata ta tuna cewa shekarun baya wata gajeruwar mata daga jami'a ta zo da rikoda ta yini tare da marigayiyar. Suka cika mota suka zo Zomba. Mayi ta jera musu benci a baranda, ta kunna musu muryar, suka yi kuka, suka share hawaye, suka koyi waƙoƙinsu daga bakin wadda suka binne.

Ni kuwa ambaliya ce ta haɗa ni da ita.

Shekarar da guguwa ta zo, an yi ta ruwa kamar sama ta fashe, har dutse ya saki laka da manyan duwatsu a kan ƙauyenmu da rana tsaka. Na fita da Elube a baya, ba takalmi. Wayata ta tafi da laka. Mun tsira da rai, ni da ita da babanta, kuma ban daina gode wa Allah a kan wannan ba. Aka tara mu a makarantar firamare, iyali da yawa a aji ɗaya.

Da ruwa ya tsagaita, maza suka koma tona abin da za a iya tonowa. Kawuna, Malume Lackson, ƙanin mahaifiyata, ya dawo ɗauke da akwatin ƙarfenta a ka. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ban wuce shekarun Elube na yanzu da yawa ba. Sunanta na sa wa 'yata. Akwatin nan a ɗakin Malume yake zama a kulle, ba a buɗe shi sai dangi sun taru. A ciki akwai gwangwanin biskit, a cikin gwangwanin akwai hotunanta, kuma duk duniya babu wasu. Na taɓa ɗaukarsu da waya, ga shi wayar tana ƙarƙashin laka. Wanda bai rasa uwa da wuri ba ba zai gane ba: in na rufe ido in kira fuskarta, ba ta zuwa. Zanenta yana zuwa, ƙamshin man gashinta yana zuwa, fuskar ba ta zuwa sai na ga hoto.

Ga shi kuma a wannan shekarar muka shirya gina mata kabari, abin da rashi ya hana mu yi tun rasuwarta. Ranar buɗe ginin dangi za su taru, a ɗaga hotonta, a ba da tarihinta, yaran da ba su san ta ba su gan ta.

Da aka buɗe gwangwanin, hotunan sun manne wuri ɗaya sun zama kamar bulo, laka ta shiga tsakaninsu, ruwa na ɗiga.

Ranar da rana ta fito, filin ƙwallon makarantar ya cika. A wurinmu abin da ruwa ya ɓata rana ke gyara shi. Haka muke yi wa masara, haka muke yi wa ƙananan kifi, haka muke yi wa katifa. Don haka kowa ya shanya abinsa: barguna, hatsi, takardun makaranta, hotuna, an danne su da duwatsu. Malume ya shimfiɗa buhu, ya aro wuƙar kicin, ya zauna ya fara ɓare bulon don ya shanya su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya rabu da ƙara kamar an yage ɓawon ayaba ɗanya. Hoton ranar aurenta ne. Fararen riguna suka taso, fuskokin suka tsaya a bayan na biyu, suka zama dabbare-dabbaren launi. Malume ya ce ba komai, na gaba zai fi fita. Ya sake cusa bakin wuƙa.

"Bawan Allah, ajiye wuƙar nan!"

Wata gajeruwar mata ce cikin takalman roba har gwiwa, ta diro daga bayan a-kori-kura tana tahowa da sauri, laka na fallatsa.

Malume ya ɗaga kai. "Wace ce wannan kuma? Masu rabon garin masara suna can ajin farko, Mayi."

"Ban zo da gari ba. Fuskar wa ke cikin nan?"

"Yayata."

"Tana raye?"

"Ta daɗe da rasuwa."

"To ajiye wuƙar, kada ka binne ta sau biyu."

Ta durƙusa a laka ta karɓi bulon da hannu biyu kamar jariri. Ta ce kada a shanya, kada a ɓare, kada a goge. A bar shi da danshinsa, a naɗe a leda mai tsabta, ta tafi da shi ta sa a firji.

Malume ya dubi mutanen da suka fara taruwa. "Jama'a, kun ji? Ruwa ya ɓata abu, ita kuma ta ce a bar shi a jiƙe a kai shi cikin ƙanƙara. Mayi, wace makaranta ce ta koya miki wannan, in hana jikokina zuwa?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta ce, "Baba, hoto ba masara ba ne. In rana ta busar da su a manne, sun manne ke nan har abada. In an bar su a jiƙe a wannan zafin, fumfuna za ta cinye su kafin mako ya zagayo. Sanyi ba ya gyara komai, amma yana tsayar da ɓarna inda take. Dubi filin nan. Ku nawa ne? Ni hannuna biyu. Firji zai riƙe mini su har in iso kan kowa."

"In kuma kika tafi da su ba mu sake ganinki ba fa?"

"Ka tambayi duk wanda ka ga dama a Zomba ina Makwinja mai tsofaffin takardu. Ko ɓeran kasuwa ya san ni, don ba ma shiri."

Malume bai saki wuƙar ba. A wurinmu kawu ne uban gida, maganarsa ta fi ta uba nauyi, ba a tsallake ta. Na sauke Elube, na durƙusa a gabansa yadda aka koya mana. Na ce, "Malume, kai ka girma tare da ita. Ta goya ka. In ka rufe ido kana ganinta. Ni ba ni da inda zan gan ta sai cikin nan."

Ya daɗe yana kallon hoton auren da ya lalace a kan buhu. Sai ya soke wuƙar a ƙasa. "Ku kai. Amma in ta lalace, Maman Elube, ke za ki tsaya gaban dangi ki yi bayani. Ni babu ruwana."

A ranar Mayi ta zagaye filin nan kaf, muryarta har ta dushe. Wasu sun ba ta, wasu sun ce ta yi gaba. Kowane ƙunshi ta rubuta masa sunan mai shi da na ƙauyensa da fensir, ta cika bayan mota.

Sai dai guguwar ta kayar da turakun lantarki, ƙaramin firjin ɗakin aikinta kuma ya cika tun tafiyar farko. Abin da ta yi daga nan matan kasuwar Zomba ne suka ba ni labari, kuma har yau suna ba da shi. Ta wuce kai tsaye rumfar Che Mdoka, babban dillalin kifi, mai manyan firji masu aiki da hasken rana da janareta. Hanyar tafki ta yanke, kifi ba ya zuwa, rabin firjinsa iska ce a ciki.

"Che Mdoka, na kawo maka baƙi."

Ya leƙa bayan motar. "Mayi, kifina bai iya karatu ba."

"Ba sai ya karanta ba, ya dai matsa."

"Me za ki biya ni?"

"In ka mutu zan ajiye hotonka inda gara ba za ta ci hancinka ba."

"Wannan hancin? Ai gara ma sai ta yi gayya." Ya sa aka kwashe masa kifin firji guda, aka wanke, ya ce ta zuba. Da ta zo tafiya ya ce, "Amana ce ko?" Ta ce amana ce. Ya ce shi ke nan.

Daga nan sai jira. Muka koma ƙauye muka fara ɗora bulo a kan bulo. Duk lokacin da na shigo Zomba sayen wani abu sai na bi ta rumfar Che Mdoka, ba don in sayi kifi ba, don in ji firjin yana kuka. In na ji wannan gurnanin hankalina ya kwanta. Elube ta tambaye ni me nake saurare, na gaya mata Kaka tana ciki tana jiran layi. Abin da ya jawo mini abin kunya a bas ke nan.

Mayi kuwa tana cire ƙunshi kaɗan-kaɗan, tana fara da waɗanda suka fi shiga haɗari. Aikin ba ya son gaggawa. Watanni suka shuɗe. Aka gyara hanyar tafki, kifi ya dawo, Che Mdoka ya rasa inda zai zuba, yana sayar da wani da araha don kada ya lalace, amma bai taɓa firjin nan ba. Damina ta wuce, aka girbe ɗan abin da ya tsira, magina suka gama kabari, aka sa rana, aka aika wa dangi na Blantyre. Hoto bai fito ba.

Haƙurin Malume ya ƙare. Bai gaya wa kowa ba ya hau mota ya sauka a kasuwa.

"Na zo ɗaukar yayata."

Che Mdoka ya tashi daga kujerarsa ya haye kan firjin ya zauna, ya harɗe ƙafa. "Sannu da zuwa. Kifin chambo kake so ko tarwaɗa?"

"Ka ji abin da na ce. Kayan gidanmu ne. Ranar buɗe kabari ta matso, zan je in shanya abina."

"Wadda ta ba ni ita za ta karɓa. Ko kai ka haifi firjin nan ba zan buɗe ba."

"Kai, mai warin kifi, da ni kake yi?"

"Warin kifin nan shi ke riƙe da yayarka, sai ka girmama shi."

Mata suka kewaye su suna shewa. Wata ta ruga jami'a ta kira Mayi. Da ta iso ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi dogon bayani ba. Ta gaishe da Malume da ladabi, ta tambayi ranar da aka sa, ta ce kafin ranar zai ga abin da Allah ya bari. Sannan ta ce, "Baba, tunda ka zo, ina da matsalar da ta fi ƙarfina. Zo ka gani."

Ta kai shi ɗakin aikinta. Hotunan da ta riga ta ceto suna shimfiɗe a inuwa a kan tebura, wasu na yankinmu ne. Ta ce masa da yawa masu su yara ne, ba su san waɗanda ke ciki ba, hoton da ba a san sunan mai shi ba kuwa rabinsa ya mutu. Malume ya sunkuya. Ya nuna wani da yatsa, ta ce kada ya taɓa, ya janye. "Wannan ai Sitima ne mai gyaran keke! Ga ɗan'uwansa da kada ya cinye. Wannan matar kuwa ita ta karɓi haihuwar rabin ƙauyenmu." Mayi ta ɗauki fensir. Mutumin da ya zo da niyyar fasa firji sai ga shi ya yini yana kiran sunaye, har aka sayo masa gasasshiyar masara. Daga ranar duk mako sai ya zo. Yana dawowa gida yana gaya wa mutane cewa jami'a ta ɗauke shi aiki.

Ranar da layi ya zo kanmu Mayi ta aiko mana mu zo da safe. Tun jiya ta fito da ƙunshin ta bar ƙanƙarar ta saki a hankali. Ta cika farin daro da ruwa mai sanyi mai tsabta, ta sa bulon a ciki, ta naɗe hannu ta tsaya.

"Ba za ki yi komai ba?" in ji Malume.

"Ruwa ne ya haɗa su, shi zai raba su. Ni 'yar rakiya ce."

Laka ta fara tashi kamar hayaƙi. Tana canza ruwan, tana shafa gefen da buroshi mai laushi irin na kwalliya. Can wani ya motsa, ta zura yatsa a ƙarƙashinsa ta ɗago. Fari fat, babu komai. Na biyu launi ne kawai ya cakuɗe. Na uku ƙafafuwan mutane ne da gindin bishiya, daga gwiwa zuwa sama ruwa ya wanke. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "'Yata, na gefe su suka fi shan wuya. Ban yi miki alkawari ba, amma ba mu kai tsakiya ba tukuna."

Na fara shirya kalmomin da zan faɗa wa dangi. Da tsoro ya rasa inda zai sauka sai ya sauka a kan Elube, wadda ke tsaye a gefen tebur da ƙafa ɗaya, ta ɗora tafin ɗayar a gwiwa. Wannan tsayuwar tata ta daɗe tana ba ni haushi.

"Sauke ƙafar nan! Sau nawa zan gaya miki ke ba zalɓe ba ce?"

Ta sauke. Da na juya ta mayar.

Mayi ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, "Ku matso."

Wani hoto ya rabu da sauran da kansa, yana lilo a cikin ruwa. Ta tallabo shi a tafin hannu ta juyo shi. Budurwa ce a gaban rumbun masara, da ɗankwali ya zame baya, tana dariya har ana ganin wushiryarta. Gefe ɗaya ruwa ya ci, ya tafi da rabin rumbun. Fuskar kuwa ko ƙwarzane babu. Tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta ɗora tafin ɗayar a gwiwa.

Ban taɓa lura da ƙafar ba. Duk shekarun da ake buɗe akwati, fuskar kawai nake kallo.

Malume ya cire hularsa. "Elube," ya ce.

"Na'am?" in ji 'yata.

Malume ya zauna a benci ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na tsinci kaina a ƙasa ina dariya ina kuka, kamar wadda aka sauke wa buhun da ta ɗauka tun ranar ambaliya. Elube ta yi ɗage ta kai hancinta kusa da hoton, ta yamutsa fuska.

"Mama, Kaka tana warin kifi."

Malume ya sauke hular, ido jawur. "Ƙyale ta. Da ma can tana son kifi. Har nawa rabon take sacewa."

Bayan wannan wasu ma sun fito, har da wanda take riƙe da ni ina jaririya. Hoton aure dai ya tafi, ba ya dawowa, kuma Malume bai ƙara ambatonsa ba, mu ma ba mu ambata masa ba. Ranar buɗe kabari shi ya ɗaga babban kwafin da Mayi ta buga mana, shi ya ba da tarihin yayarsa, ya kuma gaya wa dangi cewa tun farko shi ya ba da shawarar firji. Na bar shi da labarinsa. Na asali yana jami'a yanzu, cikin kwali mai sunan gidanmu, a ɗakin da ake taɓa bangonsa kowace safiya. Elube kuwa tana tsayuwarta yadda ta ga dama.

Mayi Makwinja, yanzu da ke nake. Ke ce kika shigo filin da kowa ke neman gari da bargo, kika tuna cewa wanda ya rasa gida zai sake gini, wanda ya rasa fuskar uwarsa ba shi da magini. Ke ce kika sha dariyar mutane a laka ba ki yi fushi ba. Ke ce kika mayar da mai wuƙa mai kiran sunaye. Uwar marayun takardu, maganin gara. Ba ki taɓa ce mini komai zai yi daidai ba, kin dai ce a jira, kika kuma tsaya tare da mu har jiran ya ƙare. Na gode. 'Yata ta gode, ko da ba ta san girman abin ba tukuna. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa 'yan mata biyun da kika horar a ɗakin aikinki su gaji hancinki da haƙurinki. Che Mdoka ma ya karɓi firjinsa, yana ta ƙorafi wai kifinsa yanzu warin tarihi yake yi, amma ya rataya hotonsa da kika ɗauka a saman rumfa, da hancin da komai.

Masu aiki a ɗakuna irin nata, ku fita ku bi ƙauyuka kamar yadda ta bi. Masu firji da mota da baranda, in irinta ta ƙwanƙwasa muku ƙofa, ku matsar da kifinku.

Kai kuma mai karatu, na san akwai akwati a ƙarƙashin gadonka ko na tsohuwarka. Gajimare ya fara haɗuwa a kan dutse, Mayi kuma ta kusa tafiya gida, ba za ta diro daga mota ta riƙe maka hannu ba. Ka fito da akwatin nan tun yau. Ka zaunar da tsohon gidanku ya kira maka sunaye tun yana iyawa, ka kai a yi kwafi, ka ajiye wani a inda ruwan da zai ci gidanka ba zai kai ba. In kuma ruwa ya riga ka, kada ka shanya, kada ka goge, kada ka kusanto da wuƙa. Ka naɗe, ka nemi sanyi, ka nemi masu aikin. Na ga fuskar amarya ta tashi a bakin wuƙa cikin ƙiftawar ido, a hannun mutumin da ya fi kowa sonta. Kada ka ce naka hannun ya fi nasa.